Kana Legas, kana son zuba jari a garuruwan bakin boda? Tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk inda 'yan Arewa suka zauna a Legas, ko a Mile 12 bayan an sauke kaya, ko Agege bayan isha'i, ko Alaba Rago, sai hirar nan ta taso: mutum ya ɗan tara wani abu, yana son ya juya shi a gida, kuma ya ji ana cewa kuɗi na bakin boda. Ni ɗan wajen Gumel ne, na daɗe ina harkar kayan gwari da hatsi a nan, to tambayoyin da aka fi yi min ne na tattara wuri ɗaya don na gaji da maimaita amsa ɗaya.

1. Wai ina ne ma ake nufi da bakin boda?

Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Borno, amma idan 'yan kasuwa suna magana wasu ƙofofi suke nufi. Illela a Sakkwato tana kallon Birnin Ƙwanni. Jibiya a Katsina ita ce hanyar Maraɗi. Kwangwalam ta wajen Mai'aduwa da Daura tana fita zuwa Damagaram. Maigatari a Jigawa ita ma ƙasar Damagaram take fuskanta. Kamba a Kebbi tana kusa da Gaya ta Nijar, kuma ƙasar Binin ba nisa daga nan. Akwai ɓangaren Kamaru kamar Mubi da Gamboru, amma wannan wata duniya ce daban, a nan maganar ɓangaren Nijar zan fi yi.

Ka riƙe ranakun kasuwa: Maigatari Alhamis, Illela da Jibiya da Mai'aduwa Lahadi. Wanda ya je ranar da ba kasuwa zai ga ƙauye ne kawai da rumfuna wayam, ya dawo yana cewa an zuzuta.

2. Me ya sa garin da ko wutar kirki babu yake juya kuɗi haka?

Saboda abin da wannan ɓangare yake da shi wancan ba shi da shi. Arewa da iyaka ruwan sama ya fi ƙaranci, ƙasar kiwo ce: shanu, raƙuma, tumaki, jar akuyar nan da fatarta ta yi suna, ga wake, aya, dabino, kanwa, da albasar Galmi. Kudu da iyaka kuma mu ne da masara, doya, garin kwaki, kayan masana'anta irin su robobi, siminti, taliya, sabulu, sannan uwa uba mu ne da bakin ci, mutum sama da miliyan 200. Kuma jama'ar da ke gefe biyun dangi ne, Katsinawan Maraɗi da na Katsina tarihinsu ɗaya, yare ɗaya, auratayya ba ta taɓa tsayawa ba. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layi, ciniki ya riga layin.

To garin bakin boda wurin haɗuwar waɗannan kaya ne. Abin da ya rasa shi ne abubuwan tsakiya: sito mai kyau, injin gyaran hatsi, wurin sanyaya kaya, ruwa, mota mai tabbas. Manomi na nan, mai saye na nan, tsakaninsu ne giɓi, kuma a giɓin nan ribar take kwance. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

3. Ba ni da gona a can, ba ni da rumfa. Me zan fi ɗan garin da shi?

Kasuwar ƙarshe. Ɗan Illela ya fi ka sanin albasa nesa ba kusa ba, amma kai ne ka san yadda farashi ya kwana a Mile 12, ka san mai gidan abinci a Ikeja da ke ɗaukar buhu kaza duk mako, ka san mahautan Oko-Oba da suke biya da waɗanda suke ja da kuɗin mutane. Mutane da yawa suna raina wannan, sai su kwashi kuɗi su je can suna gasa da 'yan gari a abin da aka haife su a ciki. Fara daga wanda zai saya a nan, sannan ka bi kayan a baya a baya har inda suka fito.

4. Da nawa ake farawa?

Ba zan faɗi adadi ba don farashin yau ba na gobe ba ne. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne, ka fara da kuɗin da idan suka maƙale wata shida ba za ka kasa biyan haya ba, kuma mun san masu gida a Legas ba sa jin "Alhaji a yi haƙuri". Ba dole sai ka cika tirela ba, ana haɗa lodi, mutum biyar ko goma su yi mota ɗaya kowa da alamarsa a jikin buhu. Zagaye biyu na farko ka ɗauke su kuɗin makaranta.

5. Ajiyar hatsi har yanzu tana ci kuwa?

Tana ci, amma ta daina zama abin da ake yi ido rufe. Lissafin da muka gada shi ne a saya da kaka lokacin da gero da dawa da wake suka cika kasuwa, a fitar da bazara ko farkon damina. A 2023 da 2024 wanda ya ajiye ya ga riba har ya ɗauka shi gwani ne, alhali faɗuwar naira da cire tallafin mai ne suka ɗaga komai. Sai gwamnati ta dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci a tsakiyar 2024, a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu har uwar kuɗi ta taɓu sosai. Don haka kar ka zuba duka a abu ɗaya, kuma ka sa wa kanka farashin da idan an kai za ka saki, kwaɗayin ƙarin ɗari biyar ya kwantar da mutane da dama.

Sai maganar wake. Don Allah a bar zuba masa fiya-fiya. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, ban da cutar da ake yi wa masu ci. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba muddin an ɗaure shi da kyau kuma ɓera bai huda ba. Sannan a matsayinka na musulmi ka bambance ajiya ta kasuwanci da ɓoye abinci lokacin da mutane ke cikin yunwa, malamai sun yi magana mai zafi a kan na biyun.

6. Dabbobi fa? Ina ganin yadda rago ke tsada a Alaba Rago da Kara lokacin Babbar Sallah.

Kowa yana ganin farashin ragon a Legas, ba kowa ke ganin abin da aka ci a hanya ba. Daga kasuwar Maigatari ko Illela zuwa nan tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, akwai la'adar dillali, kuɗin lodi, takardar likitan dabbobi, kuɗin mota, masu rakiya, ga shingaye da 'yan rabanu masu karɓar haraji jiha bayan jiha, dabba ta rame a mota, wata ta karye, wata ta mutu. Idan ka iso kuma ciyawa da dusa da ruwa duk saye ne, sannan idan aka yi kwantai ranar Sallah da yamma sai ka ga mutum yana roƙon a ɗauka a yadda ya saya.

Abin da na ga ya fi kwanciyar hankali shi ne turka. A sayi ramammen sa ko rago da rani lokacin da makiyaya ke saki saboda rashin ciyawa, a ɗaure shi wata uku zuwa huɗu a can gida inda harawa da ƙaiƙayi da dusa suke da sauƙi, sannan ka zaɓa, ko ka sayar a can ko ka ɗora a mota. Wanda ya sayi harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka ya ajiye, rabin ribarsa ya riga ya samu. Amma ka lura, a watan Mayun 2025 gab da Sallah Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi, kasuwannin iyaka suka ji a jikinsu. Duba amsa ta 8.

7. Riɗi da zoɓo da ake cewa ana fitarwa waje, ƙaramin ɗan kasuwa zai iya shiga?

Zai iya, amma ba daga kwantena ake farawa ba. Jigawa ce kan gaba a zoɓo, tana cikin manya a riɗi, ga ƙaro. Riɗinmu yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo kuma Meziko ce babbar mai saye. Hanyar kayan ita ce ƙauye, kasuwar mako, kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, sannan tashar jirgin ruwa a nan Apapa ko Tin Can. Matakin da ƙaramin jari ke shiga shi ne tarawa da gyarawa: ka saya a tiya, ka cire ƙasa da tsakuwa da kara, ka busar yadda ya kamata, ka kai wa kamfani a kilo. Bambancin kaya mai datti da gyararre shi ne abincinka, kuma ƙaramin injin tankaɗe a garin da babu ko ɗaya yana iya riƙe gida.

Idan kana son fitarwa da sunanka sai ka yi rajistar kamfani a CAC, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, sannan hukumar NAQS mai sa ido kan kayan gona ta duba lafiyar kayan. Kar ka raina feshin ƙwari, Meziko ta taɓa dakatar da zoɓon Najeriya gaba ɗaya saboda ƙwaron da aka gani a ciki. Kuma a nan zamanka a Legas yake amfani kamar yadda na faɗa a amsa ta 3, don kai kana iya zuwa sito a Apapa ka tsaya a kan sikeli da idonka.

8. Idan aka wayi gari an rufe boda fa?

Ba "idan" ba ne, "yaushe" ne. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa, tireloli suka yi layi albasa da kayan gwari suka ruɓe a ciki, sai Maris 2024 Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairun 2025 kuma ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ka ga a cikin shekara shida an canja dokar wasan sau nawa, kuma ba wanda ya nemi shawarar ɗan kasuwar Jibiya.

Saboda haka tambayar da zan yi wa kowace sana'a ita ce: in an rufe ƙofa gobe, za ta ci gaba da numfashi? Turkar dabba za ta rayu don mahautan Legas ba su rufe ba. Injin gyaran riɗi zai rayu don a gonakin Jigawa ake nomawa. Noman rani zai rayu. Amma wanda duk sana'arsa ita ce ya tsallaka ya sayo ya tsallako, ko ya gina masauki don direbobin da ke jiran kwastan, ranar da aka rufe shi ma an rufe shi. Ka ɗauki cinikin tsallake a matsayin ƙari, ba ginshiƙi ba.

9. Yaya maganar sefa da naira?

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, har a 2024 sefa ɗaya ta wuce naira biyu, abin da dattawanmu ba su taɓa zato ba. Ma'anarsa kayan Nijar sun yi mana tsada, namu sun yi musu araha, shi ya sa aka ga mutanen can suna kwasar hatsi da kayan masarufi a kasuwanninmu. Idan za ka saya da sefa ka sayar da naira bayan wata biyu, to caca biyu kake yi, ta kaya da ta canji. Kuma ka koyi ƙirgensu kafin a yi maka dariya a kasuwa, su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu.

10. Gaskiya dai, ba a fito kuɗin yake ba? Shinkafa, fetur, gwanjo...

Na san wannan ce tambayar da wasu suka zo nema. Shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa an haramta shi a doka a 2016, motoci ma a farkon 2017. Fetur kuwa tallafi ne yake riƙe da harkar, da aka cire shi ranar 29 ga Mayun 2023 tazarar ta ragu ƙwarai. Kaya idan kwastan suka kama sun tafi, babu inshora, babu kotun da za ka kai ƙara, kuma yaran da ke ɗaukar buhu a babur ta cikin daji su ne ake harbi ba mai kayan da ke zaune a Legas ba. Ni ba na ba kowa shawarar wannan.

11. An ce jirgin ƙasa zai iso, in sayi fili tun yanzu?

Ayyukan gaskiya ne. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a 2024, daga Illela za ta taso ta ƙare a nan bayan gidanmu. Ga tashoshin tsandauri na Dala a Kano da na Funtuwa. Idan duk suka kammala, lissafin kuɗin mota da na yi a amsa ta 6 zai canja sosai.

Sai dai ka tuna Maigatari tana da yankin ciniki maras haraji tun zamanin gwamna Saminu Turaki, an yi gine-gine, an yi ta buri, shekaru suka wuce bai zama abin da aka zata ba. Fili ba ya ruɓewa amma yana iya riƙe maka kuɗi shekara goma. In za ka saya, ka sayi wanda zai yi aiki yau, a gina sito ko garke. Kuma ka bi takarda: Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka. Ka tabbata ba gonar gado ba ce da ba a raba ba, ba jingina ba ce, ba burtali ko makiyaya ba ce, mai unguwa da dagaci su sa hannu, maƙwabtan gona huɗu su shaida iyaka.

12. Tsaro fa?

Bakin boda ba abu ɗaya ba ne. Yankin Jibiya da Batsari, da gabashin Sakkwato wajen Sabon Birni da Isa, sun sha wahalar 'yan bindiga, akwai ƙauyukan da sai an biya kafin a yi noma ko girbi. Wajen Tangaza da Gudu da wani ɓangare na Kebbi kuma ga 'yan bindigar Lakurawa. Ɓangaren Jigawa da Daura ya fi lafiya. Abin yana sauyawa, don haka direbobin da ke sauke kaya a Mile 12 sun fi kowa sanin halin da hanya take ciki a makon nan, su za ka tambaya. Kar ka tara dabbobi masu yawa a ƙauyen da ke bakin daji, kar ka yi yawo da tsabar kuɗi tunda POS da taransfa sun kai ko'ina, kuma in ka je gida ba sai gari ya san Alhajin Legas ya zo sayen kaya ba.

13. Wa zan damƙa wa harkar tunda ba zan bar Legas ba?

A nan aka fi yin asara, ba a boda ba. Ni kaina na taɓa tura kuɗin wake wa wani na jikina, da bazara ta yi na ce a fitar, sai aka fara min labari, ashe an taɓa don biki, an taɓa don asibiti, an ranta wa wani, kowanne da hujjarsa kuma ba ka isa ka kai ƙara ba sai a ce ka tozarta zumunci a kan abin duniya. Ba mugu ba ne, ni ne na ajiye kuɗi a gidan da buƙata ta fi ƙarfinsa, ban kuma yanka masa nasa rabon ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Mai kula da kaya yana da kaso sananne a cikin riba, a rubuce, da shaidu biyu, irin tsarin mudaraba da fiƙihu ya tanada, kuɗi nawa wahala tasa. Mai saye daban, mai riƙe makullin sito daban. Duk ranar kasuwa a turo min hoton buhuna da rasit ta WhatsApp. Ina zuwa ba tare da sanarwa ba aƙalla sau biyu a shekara. Sannan taimakon gida na ware shi daban, in za a nema a nema a can, kar a taɓa jari.

14. Ni mace ce, ina aure a Agege, akwai abin da zan iya?

Sosai ma Hajiya. Turkar tumaki da awaki a ƙauye dama mata ne suka fi iyawa, ki saya ki ba 'yar'uwa ta kiwata ku raba riba bisa sharuɗɗan amsa ta 13. Ga aya da dabino da kantu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa da kuka, duk ba sa saurin lalacewa, ana sako su a motar kaya, kuma aya ta samu kasuwa a Legas tunda Yarbawa da Inyamurai suka kama shan kununta. Kuɗin adashi ɗaya ya isa gwaji.

15. Noman rani da sola da ake ta yayi, ya dace da wanda ba ya kusa?

Ka yi shi a matsayin haya ko haɗin gwiwa, ba kai ne manomin ba. A fadamun Haɗeja da na Rima ruwa ba shi da zurfi, ana haƙa ƙaramar rijiyar burtsatse a sa injin, kuma tun da fetur ya yi tsada famfon sola ya zama abin nema. Ka saya ka ba manomin da ka yarda da shi, a yi yarjejeniya a kan buhu nawa ne naka bayan girbin albasa ko alkama ko shinkafa. Sai a kula da ɓarayin faranti, kuma a duba ko wurin yana cin ambaliya, don ta 2022 ta shafe gonaki da yawa a Jigawa.

16. Zakka yaya take a irin wannan?

Kayan da ka saya don sayarwa, hatsi ne ko dabbar turka, zakkar kasuwanci ce, kashi 2.5 cikin 100 idan jari ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Abin da aka noma kuma ranar girbi ake fitarwa idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da inji aka yi ban ruwa. A mazhabar Malikiyya akwai bambanci tsakanin mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran farashi, to ka kai wa malaminku lissafinka yadda yake ya duba maka wanne ne naka.